Kwaltar Mang Sobur

Shekarar dai ba zan rantse a kanta ba. Wani lokaci in ga kamar shekarar da toka ta sauko daga dutse ta rufe mana gonakin shayi ce, wani lokaci in ga kamar wadda ta biyo bayanta. Na yi yawo da yawa a tsibirin nan namu na Java, ina bin gidajen malamai ina neman tsofaffin rubuce-rubuce, har garuruwa suka cakuɗe mini a ka. Amma abin da Mang Sobur ya yi wa ƙauyenmu, Cisarewu, wannan ko sunana na manta ba zan manta da shi ba.

Hanya biyu ke kai mutum Gashin Gimbiya, magangarar ruwan nan da mutanen Bandung da Jakarta ke tururuwa duk Asabar su ɗauki hoto su koma. Ɗaya ta ratsa garinmu, ɗaya ta ratsa Bojongwaru da ke ƙetaren kwari. Dukansu sun daɗe da mutuwa, binnewa ce kawai ba a yi ba. Tamu tana da rami arba'in da ɗaya daga ƙofar gari zuwa gada, kowane rami da ayabarsa. Haka muke yi. Da zarar rami ya isa haɗiye taya, gidan da ke kusa sai su dasa ayaba a ciki, don ɗan acaba ya hango ganye ya kauce, hukuma kuma in ta wuce ta ji kunya. Hukuma ba ta taɓa jin kunyar ba, amma ayaba tana 'ya'ya.

Sai ga takarda daga ofishin ayyuka na gunduma. Bana akwai kuɗin kwalta, amma na hanya ɗaya tak, kuma ranar Alhamis ta sama za a turo injiniya ya duba biyun ya zaɓa. Ba wanda ya buƙaci bayani. Garin da ya sami kwalta shi zai sami manyan motoci, da masu sayen kofi da soyayyar ayaba. Wanda bai samu ba zai zauna yana jin ƙarar inji daga nesa.

Rashin sa'armu, dagaci ya tafi Umara, ya bar hatimin gari a hannun ƙanin matarsa, Mang Sobur. Shi wannan Sobur ya taɓa yin wata takwas a aikin wani babban titi kusa da Jakarta. Waɗanda suka gan shi a can sun ce jan ƙyalle yake kaɗa wa motoci su rage gudu. Shi kuwa cewa ya yi injiniyoyin ƙasashen waje ba sa zuba ko cokali ɗaya na kwalta sai sun leƙo sun tambaye shi. Ya dawo gida da hular kwano ruwan ɗorawa, da falmaran ruwan lemu, da usur. Hular nan ko masallaci da ita yake zuwa, sai a ƙofa ya cire ya kifa ta a kan takalmansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tara mu a barandar masallaci. Ya hau kan benci, ya busa usur, ko da yake ba wanda ke magana.

“Jama'a, kun san ni,” in ji shi.

“Mun san ka,” in ji Nini Acih, tsohuwar da gidanta ke bakin ƙofar gari. “Tun kana yawo ba wando.”

Ya yi kamar bai ji ba. “Gwamnati kamar surukai take. In surukai za su zo ganin gida, shara ake yi ko juji ake tarawa a ƙofa? Wa zai ba ƙazamin gari kwalta? Injiniya zai zo ya ga titi ko gonar ayaba? Ku ba ni kwana biyar, zan mai da hanyar nan abin da in ya gani zai ce, lallai waɗannan sun san darajar titi, a ƙara musu.”

Na ce, “Sobur, miƙo takardar in karanta wa mutane.”

Ya ciro ta daga cikin hular kwano, ya miƙe hannu can nesa, ya ƙanƙance ido, ya mayar.

“Aki,” in ji shi, don haka ake kiran tsoho irina a garinmu, “wannan ba rubutun ganyen giginya ba ne irin naka. Harshen injiniyoyi ne. Na karanta, na fahimta, ya wadatar.”

Deden ɗan acaba, wanda hanyar nan ce abincinsa shekara tara, ya ɗaga hannu. “Mang, in kuma kwaltar ba ta zo ba fa?”

“A ce Injiniya.”

“Injiniya, in ba ta zo ba fa?”

Sobur ya bugi ƙirji har usur ya yi tsalle. “In kwalta ba ta zo garin nan ba, ku dasa ni a rami a madadin ayaba!”

“Aki, rubuta,” in ji Nini Acih.

Na rubuta a bayan littafina. Shi ya sa wannan maganar na kawo ta yadda take.

Da safiyar Asabar aka yi gayya. Aka fara tuge ayaba, Sobur na gaba da usur, mutane na biye da fartanya. Komai ya tafi daidai sai da aka zo rami na uku, na Nini Acih. Ayabarta ta fid da nono, saura mako biyu ya nuna. Tana zaune a gindinta da lauje a cinya.

“Nini, matsa. Aikin gwamnati ne.”

“Gwamnati ce ta zuba mata kashin awaki wata goma?”

“Ci gaba yana buƙatar sadaukarwa.”

“To sadaukar da hular.”

Aka yi ta fama, daga ƙarshe ta ce ta ji, amma da sharaɗi. Ita za ta sare ayabarta, ita kuma za ta cike raminta, don ba ta son hannun Sobur a cikinsa. Daga ranar ta kama sauka rafi da kwando tana ɗebo duwatsu, ta jera manya a ƙasa, ƙanana a sama, ta daka da taɓarya. Duk lokacin da Sobur ya wuce sai ya girgiza kai ya ce aikin zamanin kakanni.

Rami na huɗu shi ne babban cikinsu, muna kiransa Tafki. Tarwaɗa ke ciki, manya. Aka kwashe aka gasa wa 'yan gayya, shi ne kawai amfanin da aka ci a makon nan.

Bayan azahar aka yi ruwa, kamar kullum. Ramuka suka cika, hanya ta zama madubi ɗaya, ba ganye ko guda. Deden kuwa da ayaba ya haddace hanya: wannan a bar ta hagu, waccan a bar ta dama. Ya ɗauko wani baƙo daga Bandung mai farin takalmi, ga akwatin awara ɗaure a baya zai kai wa masu rumfa. A rami na tara suka shige har wuya. Awara ta watse tana yawo a kan ruwa, baƙo ya fito da takalmi ɗaya.

Sobur ya iso da gudu yana busa. “Laifin direba ne! Ka wuce ƙa'idar gudu!”

“Turawa nake da ƙafa, Mang!”

“To ka wuce ƙa'idar turi.”

Lahadi aka zo cikewa. Mutane suka ɗauki kwanduna za su rafi, ya tare su. Dutse, in ji shi, ya daɗe da tsufa, injiniyoyin yanzu abu mara nauyi suke so, don kada ƙasa ta gaji. Ya nuna bayan injin casa, inda ɓuntun shinkafa ya taru kamar tsauni, ba mai so. Gaskiya mutane sun ji daɗin wannan ilimin, don rafi da nisa, ɓuntu kuwa ko tsoho irina zai ɗauki buhu. Kafin la'asar an cike rami arba'in, an tattake da ƙafa.

Da gari ya waye sai ga mai agwagi. Sunansa ya ɓace mini, dogon mutum ne mai malafa, duk bayan girbi yana kora agwagi ɗari uku ta hanyar nan zuwa fadama su yi kala. Agwagi suka ga ɓuntu sabo, suka manta da fadama. Kaji suka ji labari suka fito daga kowane gida. Sobur ya faɗa tsakiyarsu yana busa usur da duk ƙarfinsa. Abin da bai sani ba, da usur mai agwagi ke kiransu cin abinci. Agwagi ɗari uku suka bar ɓuntu suka bi shi. Ya bi ta bayan masallaci, suna biye. Ya zagaya makaranta, suna biye. Ya shige gida ya rufe ƙofa, suka tsaya a tsakar gida suna jira.

Matarsa Ceu Ipah, mai rumfar kofi da soyayyar ayaba a bakin hanya, ta leƙa ta taga.

“Kang,” in ji ta, yadda matanmu ke kiran miji, “ma'aikatanka sun zo karɓar umarni.”

“Kore su!”

“Ni? Ai ba na jin harshen injiniyoyi.”

Da aka samu aka kore su, ya ce dama yana sane, gwaji ne, yanzu za a rufe sama. Aka sake zuba ɓuntu, aka ɗebo taɓo daga fadama aka shafe kowane rami da kauri kamar tafin hannu, aka goge da katako. Ranar Talata, ko Litinin ce da yamma, a'a Talata, ya sa aka ƙone sauran ɓuntun, aka kwaɓa tokar da baƙin mai da aka roƙo daga injin casa da wurin bakanike, aka shafe hanyar gaba ɗaya da tsintsiya. Rana ta fito ta buga. Ni da na ga titunan birane da yawa, wallahi sai da na tsaya. Baƙa wuluk, sumul, tana ƙyalli.

Sobur ya tafi cin abinci yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu biyu a hammata. Kafin ya dawo mata sun fito da buhuna. A ƙasarmu duk inda aka ga fili baƙi mai zafi a shimfiɗe, shanya ake yi, ba sai an tambayi kowa ba. Shekaru matanmu na jin haushin matan bakin babban titi da shinkafarsu ke bushewa wuni ɗaya. Suka baza shinkafa a gefe da gefe tun daga ƙofar gari, Ceu Ipah ce ta fara.

“Wa ya ce ku yi shanya?” Ya taho yana ihu.

“Kai ka ce kwalta ce,” in ji Ceu Ipah. “Me ake yi da kwalta in ba shanya ba?”

Ta duƙa ta ɗebo da hannu. Shinkafar ta koma baƙa, tana warin gareji. Mata suka juyo suka zuba masa ido.

“Baƙar shinkafa ta fi tsada a Jakarta,” in ji Sobur, yana ja da baya.

“To kai za ka cinye ta. Buhu biyu ne, za su kai ka azumi.”

Aka share, aka sake shafa baƙi. Don kada a kuma, ya ɗaure igiya a ƙofar gari da bakin gada, ya kafa doka: ba ƙafa, ba taya, ba kofato sai bayan Alhamis. Kwana biyu muna bin kunyoyin fadama kamar balbelu. Deden yana ɗaukar baƙi ta bayan gari, shi ya kawo mana labarin Bojongwaru.

“Injiniya, mutanen can ƙara dasa ayaba suke yi. Sun sayo tarwaɗa sun zuba. Na ga wani da fartanya yana ƙara wa rami zurfi.”

Sobur ya yi dariya har hula ta rufe masa ido. “Jahilci! Aki, rubuta wannan ma. Mun ci tun kafin a fara.”

Ban rubuta ba. Wani abu ya ɗan sosa mini rai a lokacin, amma ina neman tabarauna, sai na manta.

Saura abu ɗaya. Tun da kwalbatin kusa da ƙofar gari ya rushe, ruwan da ke shayar da fadamun ƙasa ta kan hanya yake tsallakawa, yana wanke masa baƙi. Ranar Laraba ya sa aka kawo buhunan ƙasa aka toshe. Sai ga Abah Emod sarkin ruwa, wanda shekara talatin shi ke raba wa manoma ruwa bi da bi, ba a taɓa jin an yi faɗa ba.

“Sobur, yau ranar fadamun ƙasa ce. Buɗe.”

“Sai jibi.”

“Ruwan nan daga dutse yake saukowa, ba ya tsayawa. Ina kake so ya je?”

“Ya jira.”

“Ka faɗa masa?”

Sobur ya ciro hatimin dagaci, ya hura masa iska, ya buga a kan buhun da ke sama. “Na faɗa masa a hukumance.”

Abah Emod ya dubi hatimin, ya dubi ruwan, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Ruwa kuwa bai yi gardama ba. Ya kwanta a bayan buhuna, ya sami hanya ta ƙarƙashi, ya shiga ramuka ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga ɓuntu a hankali. Daga sama ba abin da ake gani. Sobur ya ja farin layi da farar ƙasa a tsakiya, yana tafe a kan katako, ya sa ni na rubuta ƙyalle: BARKA DA ZUWA CISAREWU, GARIN DA YA SAN DARAJAR TITI.

Alhamis da hantsi gari duka na ƙofa. Hadari ya fara haɗowa ta kan dutse. Wata mota mai tambarin gunduma ta taho ta tsaya a gaban igiya. Wani ƙaton mutum mai gashin baki ya fito, Sobur ya rungume shi da hannu biyu.

“Barka da zuwa, abokin aiki! Mu injiniyoyi ko daga nesa muna gane juna.”

“Ni direba ne, Pak,” in ji mutumin. Pak yallaɓai ke nan a wurinmu. “Ga injiniyar nan, Bu Wiwin.”

Wata 'yar ƙaramar mace ce da mayafi ruwan toka, riƙe da waya da sandar ƙarfe, takalman robarta taɓo har gwiwa. Ta gaishe da manya cikin ladabi, ta sha kofin da Ceu Ipah ta miƙa mata. Sobur ya gyara murya ya yi jawabi a kan Jakarta, da shi, da injiniyoyin ƙasashen waje, da shi kuma. Ita dai tana kallon hanya.

“Masha Allah,” in ji ta. “Yanzu na fito daga Bojongwaru. A kan ɓauna aka tsallakar da ni. Wani mutum na zaune a tsakiyar titi da ƙugiya, ya ce in yi magana a hankali kada in kora masa kifi. Amma ku, kun hutar da gwamnati.”

Sobur ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. “To, Bu, yaushe motocin kwalta za su iso?”

“Bojongwaru? Wata mai zuwa.”

“A'a, nan.”

“Nan kuma? Ai kuɗin na hanyar da ta fi lalacewa ne. Yana cikin takardar da muka aiko, layi na uku.”

Ceu Ipah ta ajiye faranti, ta taka a hankali, ta ɗaga hular kwano daga kan mijinta kamar mai buɗe tukunya, ta ciro takarda ta miƙo mini. Na karanta da ƙarfi. Ba harshen injiniyoyi ba ne, ko ɗan aji uku zai gane.

“Baƙaƙen ƙanana ne,” in ji Sobur.

“Tabaran da na sayo maka suna ƙarƙashin katifa,” in ji Ceu Ipah. “Ka ce ba sa tafiya da hula.”

Sai wuri ya ɓarke. “Bu, ƙarya ce!” “Ɓuntu ne!” “Toka ce da baƙin mai!” “Rami arba'in da ɗaya, wallahi!” Deden ya ɗaga gwiwarsa yana nuna ciwo.

Bu Wiwin ta ɗaga hannu. “Duk garin da na je haka ake ce mini, tasu ta fi muni. Ni ba launi nake aunawa ba, rami nake aunawa. Ga hadari nan, in rafi ya kawo ba zan koma ba. Ku nuna mini rami ɗaya in sa sanda, ɗaya tak, na gani da idona.”

Kowa ya nuna wuri daban. Tunda babu ayaba, kuma an shafe komai da baƙi, ba wanda zai rantse ga inda rami yake. Ido ya koma kan Sobur, shi da ya ja layi.

“Ai ba za a ce ƙarya ba,” ya fara, “wata fasaha ce da...”

“Kang,” in ji Ceu Ipah a hankali, “rumfata ce ke ciyar da kai. In motoci suka koma can, hular za ka dafa?”

Na ga abin ya yi masa ciwo, har na ɗan ji tausayinsa. Ya karɓi hularsa ya mayar, ya tsallake igiya.

“To, Bu, tunda rami kike so, ba ƙarami zan nuna miki ba. Tafki zan nuna miki, wanda ya taɓa haɗiye motar rogo. Kowa ya tsaya baya, awo aikin injiniya ne. Taku ashirin da biyu daga ƙofa.”

Ya bi gefen hanya yana ƙirga da ƙarfi, tana biye. Ranar da ya auna nisan Tafki daga ƙofa, takun fahari ya yi, manya-manya. Yau kuwa takunsa ƙanana ne. A ashirin da biyu ya tsaya, daidai ƙofar gidan Nini Acih.

“Ba nan ba ne, sakarai!” ta ƙwalla. “Wannan nawa...”

Ya busa usur ya rufe muryarta. “Nini, a bar masu ilimi su yi aiki.”

Ya ja numfashi, ya rufe ido, ya daka tsalle tsakiyar hanya. Ƙasa ta ce ƙim. Ya buɗe ido. Ya sake tsalle. Ya sake, da ƙafa biyu, har hula na rawa. Duwatsun Nini ko gezau. Bu Wiwin ta caka sanda, sanda ta yi ƙara. Ta kankare baƙin ta duƙa ta duba.

“Manya a ƙasa, ƙanana a sama, an daka sosai. Rabon da in ga ciko mai kyau haka tun ina makaranta. Wa ya yi wannan?”

Nan ne fa. Da ya ce kuskure ne, ga ainihin ramin can gaba kaɗan, da yau wani labarin nake ba ku. Muna ta ɗaga masa hannu, Ceu Ipah har da ludayi. Amma an yabi aiki a gaban jama'a, kuma injiniya ce ta gaske ta yaba. Na ga ƙirjinsa yana tasowa shi kaɗai.

“Ni ne,” in ji Mang Sobur. “Haka muke yi a Jakarta.”

Ta ɗauki hoto, ta danna waya, ta ce rahoto ya tafi. Ta yi mana godiya a madadin gwamnati, ta shiga mota. Sobur na tsaye a tsakiyar titinsa yana ɗaga mata hannu, yana ja da baya don ta daɗe tana ganinsa. Taku ɗaya, biyu, uku. Mota ta sha kwana. A na biyar ƙasa ta buɗe ba ko sallama, Tafki ya karɓe shi har ƙirji. Ɓuntu da ruwa da baƙin mai suka yi sama suka sauko masa a ka.

Wasu suka bi mota da ihu, amma ta yi nisa, rahoto kuma ya riga ta nisa.

“Ku ciro ni!”

Ba wanda ya motsa. Nini Acih ta tako da sandarta, ta zagaya shi tana dubawa kamar mai sayen tunkiya.

“Aki, karanta abin da ka rubuta ranar Juma'a.”

Na buɗe bayan littafina na karanta.

“Wasa nake yi! Deden, ɗan'uwana, kawo hannu!”

“Ba zan iya ba, Injiniya. An hana ƙafa da taya.”

“Ipah!”

Ceu Ipah ta je bayan gida ta yanko ganyen ayaba biyu manya, ta soke su a madaurin hular kwano, ɗaya hagu ɗaya dama, ta ja baya ta duba.

“Yanzu an ga rami. Kada ka motsa, Kang, baƙin Bandung na hanya.”

Abah Emod ya je ya ɗaga buhun mai hatimi ya jefar. Ya ce sabon dashe yana son ruwa.

Aka kwance igiya. 'Yan acaba suka taho a jere da fasinjoji, suka hango ganye, suka bar shi a dama. Baƙi suka ce a tsaya, suka sauka suka ɗauki hoto da shi, wata har ta tambaya ko al'adar garin ce. Da ya ga ba mai ceto, ya laluba ya sa usur a baki ya busa da duk sauran ƙarfinsa. Daga fadama muka ji amsa. Agwagi ɗari uku suka hauro a guje, ga ɓuntu jiƙaƙƙe, ga wanda ya kira su a tsakiya.

Sai bayan la'asar Abah Emod ya kawo ɓauna da igiya aka tuge shi, ya fito ba takalmi, ba wando, kamar yadda Nini ta fara saninsa.

Bojongwaru ta sami kwalta. Duk Asabar muna jin ƙarar manyan motoci ta ƙetaren kwari. Ceu Ipah tana ɗaukar ayaba da kofi a ka ta tsallaka can ta sayar a bakin titin mutane, Sobur na biye da murhu da kasko, da hularsa. Na ji yana gaya wa baƙi cewa shi ya kawo wa Bojongwaru titi, kuma wannan karon ba ƙarya yake yi ba.

Mu kuma muka sake dashe, rami arba'in. Nini Acih ce kaɗai ba ta da rami, saboda haka ba ta da ayaba, har ta rasu ba ta yafe masa ba. Wadda aka dasa a Tafki ita muke kira Injiniya. Ta fi kowace tsawo, daga ƙofar gari ake hango ta. Shekara nawa ke nan, na manta, amma ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Ganye kawai take yi, manya-manya, in iska ta taso ka ji su har masallaci.